Yadda Ake Sake Rubuta Tatsuniya da Yi Mata Zane

Tatsuniya a baki aka haife ta, saboda haka duk wanda zai kwantar da ita a kan takarda ya kamata ya fara sanin abin da za ta rasa a hanya. Mai ba da tatsuniya yana da murya da yake ɗagawa yana saukewa, yana da fuska da hannaye, yana iya yin shiru daidai lokacin da dodo ya iso bakin ƙofa, kuma yana duban idanun masu sauraro ya gane ko ya ja labarin ko ya gajarta shi. Takarda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da take da shi bai wuce kalmomin da aka zaɓa da hoton da aka zana ba, sai kuma ɗan lokacin nan da ke tsakanin ƙarshen shafi da buɗe na gaba. Aikin marubuci da mai zane, ko mutum ɗaya ne ko biyu, shi ne su biya tatsuniyar muryar da ta rasa da waɗannan kayan aiki kaɗan.

A fara da tattara sigogi

Kuskuren da sabon marubuci ya fi yi shi ne ya ɗauka cewa sigar da ya ji tun yana yaro ita ce ta asali, sauran kuwa gurɓatattu ne. Babu tatsuniyar da ke da siga ɗaya. Labarin marainiyar da matar uba ke wahalarwa, wadda daga baya aka gano ta ta dalilin takalmin da ya suɓuce mata, wato labarin da duniya ta fi sani da sunan Sindirela, an rubuta shi a ƙasar Sin tun ƙarni na 9, kuma a can ƙasusuwan wani kifi ne ke biya wa yarinyar buƙatunta. A sigar da Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, wata aljana ce ke taimakonta, takalmin kuma na gilashi ne. A wajen Jacob da Wilhelm Grimm na Jamus, taimakon yana fitowa ne daga bishiyar da ke kan kabarin mahaifiyarta da kuma tsuntsaye, takalmin na zinariya ne, 'ya'yan matar uban kuma har yanke yatsa da diddige suka yi don ƙafarsu ta shiga.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nemo aƙalla sigogi uku na tatsuniyar da ake so, a raba takarda gida uku, a rubuta abin da ya faru a kowace siga bi da bi, kowace a gidanta. Abin da ya bayyana a duka ukun shi ne ƙashin bayan labarin, abin da ya bambanta kuwa tufafi ne da kowane zamani da kowace al'umma suka sanya masa. A misalin da ya gabata, ƙashin bayan shi ne maraici da zalunci, da taimakon da ya zo daga inda ba a zata ba, da taron da yarinyar ta halarta ba a gane ta ba, da alamar da ta tabbatar da ko ita wace ce. Kifi da aljana da bishiya duk tufafi ne. Masana sun sauƙaƙa wannan bincike, domin Antti Aarne na ƙasar Finlan ya tsara tatsuniyoyi bisa nau'o'i ya ba su lambobi a 1910, Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa tsarin a 1928 da 1961, Hans-Jörg Uther ya sake sabunta shi a 2004. Labarin marainiyar nan lambarsa 510A, kuma da wannan lamba mutum zai iya bin sawun 'yan'uwansa a ƙasashe masu yawa.

Idan daga bakin wani mai rai za a karɓi tatsuniyar, a nemi izininsa kafin a naɗi muryarsa, a kuma roƙe shi ya maimaita ta wata rana daban, domin da wuya ya faɗe ta iri ɗaya sau biyu, kuma inda bai canza ba nan ne ƙashin yake. A rubuta sunansa a ajiye. Labarin Alauddin da na Ali Baba, waɗanda mutane ke ɗauka tun fil'azal suna cikin Dare Dubu da Ɗaya, Antoine Galland ne ya shigar da su cikin fassararsa ta Faransanci da ta fito tsakanin 1704 da 1717, bayan ya ji su a 1709 daga bakin wani saurayi ɗan birnin Halab mai suna Hanna Diyab, wanda sunansa bai fito a littafin ba, kuma aka daɗe ƙwarai kafin masu karatu su san da shi.

Abin da ake iya canzawa

Da zarar ƙashin baya ya fito, a rubuta shi cikin jimloli goma ko goma sha biyu, kowace jimla aiki ɗaya. Vladimir Propp na Rasha, wanda ya nazarci tatsuniyoyi 100 na ƙasarsa ya wallafa sakamakon a 1928, ya nuna cewa sunaye da siffofin jarumai suna canzawa amma ayyukan da suke yi ba su wuce 31 ba, kuma jerinsu ba ya rikicewa: a yi hani, a karya hanin, masifa ta auku, jarumi ya bar gida, a jarraba shi, a ba shi abin taimako, haka har zuwa ƙarshe. Ba dole ba ne marubuci ya haddace jerin, amma akwai gwajin da ya fito daga cikinsa wanda yake da amfani sosai. A cire jimla ɗaya daga cikin goman nan, a duba ko sauran za su tsaya. Idan suka rushe, wannan jimla ƙashi ce, kada a taɓa ta.

Sauran abubuwan duk ana iya taɓa su, kuma tun da can ana taɓawa. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Grimm sun fitar da juzu'insu na farko a 1812 da labarai 86, suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857, kuma gyaran bai tsaya ga kalmomi ba. A bugun farko na labarin da aka fi sani da Snow White, sarauniyar da ke neman halaka wata kyakkyawar yarinya saboda hassada mahaifiyarta ce ta jini, amma daga bugun 1819 sai ta koma matar uba, domin sun ga abin ya yi wa iyalai nauyi. Haka kuma labarin yarinya mai jar hula, wadda kyarkeci ya riga ta isa gidan kakarta, ya cinye kakar ya kwanta a gadonta yana kwaikwayonta: a wajen Perrault kyarkeci ya cinye ta labari ya ƙare, a wajen Grimm kuwa maharbi ya zo ya farke cikinsa ya fito da ita da kakarta da ransu.

A nan ne marubuci zai yanke shawarar da ta fi kowace wuya, wato yawan tsoro da zubar da jini da zai bari. A ganina, jini ana iya rage shi ba tare da asara ba, amma tsoro ba a cire shi. Yaron da ke sauraro yana so dodo ya zama dodon gaske, domin idan babu haɗari na haƙiƙa to kuɓutar da ta zo a ƙarshe ba ta da daɗi. Na sha ganin tatsuniyoyin da aka wanke har kyarkeci ya zama mai barkwanci da ba ya cizo, kuma yara ba sa neman a maimaita musu irin waɗannan. Haka nan mai wayo irin su Gizo, ko ɗan'uwansa Anansi na mutanen Akan wanda labaransa suka ƙetare teku har tsibiran Karibiyan, bai kamata a mayar da shi mutumin kirki ba, tun da kwaɗayinsa da ƙaryarsa su ne ke tura labarin gaba.

Wanda ke son ya yi nisa da sigar da aka sani yana iya ba da labarin daga bakin wani daban, misali ƙanwar da aka zalunta ko ma mugun kansa, ko kuma ya ɗauke shi zuwa wani zamani. Sai dai canza zamani yana da tarko, domin kowane sabon abu da aka shigar yana zuwa da nasa hukunci. Idan yaran da aka yasar a daji suna da wayar hannu, dole marubuci ya bayyana abin da ya hana su kira, in ba haka ba mai karatu zai yi tambayar a madadinsa. Akwai kuma labaran da masu su ba su ɗauke su abin nishaɗi ba, suna da alaƙa da addininsu ko tarihin kakanninsu, kuma irin waɗannan ba a sake su sai an tambayi masu su.

Harshen labarin

Tatsuniya ba ta shiga zuciyar mutane ta tsaya bayani. Ba ta cewa yarinya ta ji kaɗaici mai tsanani, sai dai ta ce ta je bakin kabarin uwarta ta yi kuka sau uku a rana. Marubucin da ya saba da ƙagaggen labari zai ji hannunsa yana son ƙara dalilai da tunane-tunane, amma ya kamata ya kame, ya bar aiki ya nuna hali. Axel Olrik na ƙasar Denmak ya lura tun farkon ƙarni na 20 cewa labaran baka suna son maimaici sau uku, kuma ba sa haɗa fiye da mutum biyu masu magana a fage ɗaya. Maimaicin nan kada a gajarta shi da cewa “haka ya sake faruwa har sau biyu”, domin a karo na biyu ne yaro ke gane tsarin, a karo na uku kuma yake jiran a karya shi. Idan akwai waƙa ko amshi, a bar kalmominsa iri ɗaya duk inda ya dawo, a kuma ware shi a tsakiyar shafi yadda mai karantawa zai san nan wurin rerawa ne.

Kalmomin buɗewa da na rufewa, irin su “ga ta nan, ga ta nanku” da “ƙurunƙus”, suna da takwarorinsu a harsuna da yawa, kuma aikinsu shi ne su sanar da mai sauraro cewa an fita daga duniyar yau an shiga inda dabbobi ke magana, sannan a dawo da shi. Yana da kyau a bar su. Abin da ba shi da amfani shi ne liƙa darasi a ƙarshe, ko da yake Perrault kansa ya yi haka cikin baitoci. Bayan an gama rubutu a karanta shi da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe, duk inda harshe ya yi tuntuɓe ko numfashi ya yanke a tsakiyar jimla, a gyara wurin.

Raba labarin cikin shafuka

Littafin hotuna na yara yawanci shafi 32 ne, saboda a maɗaba'a ana buga shafuka 8 ko 16 a kan babbar takarda ɗaya a ninke ta. Idan aka cire shafin suna da na bayanin bugu, abin da ke saura wajen buɗi 14 ne, wato shafuka biyu-biyu masu fuskantar juna. Kafin a zana komai da kyau, a ɗauki farar takarda guda 8, a haɗa su a ninke biyu, sai ga ɗan littafin gwaji mai shafi 32. A yayyanka rubutun da almakashi a lilliƙa a shafukan, a yi ƙananan zane-zane da fensir ba tare da damuwa da kyau ba. A wannan mataki gyara ba ya cin komai, amma bayan an shafa fenti kowane gyara kwana ne.

Buɗe shafi shi ne shirun da mai ba da labari ke yi. Saboda haka a tsara rubutun yadda tambaya za ta faɗo a ƙarshen shafin dama, amsarta kuma ta kasance sai an juya. Idan yarinya ta ce wa kakarta haƙoranta sun yi girma, wannan jimla ita ce ta ƙarshe a buɗin, tsallen kyarkecin kuma yana bayan takarda. Idan aka sa tambayar da amsar a buɗi ɗaya, idon yaro zai riga kunnensa isa wurin, tun da yara hoto suke fara kallo.

Zanen kansa

Bugun farko na Grimm bai da hotunan labarai, kuma littafin masana ne fiye da na yara. Fassarar Ingilishi ta 1823 ta fito da zanen George Cruikshank ta samu karɓuwa, sai su ma suka fitar da ƙaramin bugu a 1825 mai labarai 50 da zanen ƙanensu Ludwig Emil. Tun daga lokacin hoto ya zama rabin labarin, kuma rabin da ya fi daɗewa a ƙwaƙwalwa.

Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce kada hoto ya maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa. Idan rubutu ya ce yarinya ta ƙwanƙwasa ƙofa aka ce ta shigo, hoton yarinya tana ƙwanƙwasa ƙofa ɓarnar shafi ne. Gara a nuna cikin ɗakin, da wutsiyar da ta leƙo daga ƙarƙashin bargo, da tabaran kaka a ƙasa, yadda yaron da ke kallo zai san abin da yarinyar ba ta sani ba, har ya ji kamar ya yi mata ihu. Wannan rata tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka gani ita ce ke maye gurbin kashe ido da mai ba da labari ke yi wa masu sauraro. Dangane da lokacin da za a kama, ɗan taƙin da ke gab da aukuwar abu ya fi aukuwar kanta ƙarfi. Zanen da Gustave Doré ya yi wa labaran Perrault a 1862 ya nuna yarinyar da kyarkecin kwance a gado ɗaya, tana dubansa a kaikaice tana jan mayafi, ba a ga cizo ba, amma har yau hoton yana tayar da tsikar jiki. Bayan an gama zane kuma a koma kan rubutun a goge duk siffar da hoto ya riga ya ɗauka, kamar launin riga ko girman gida.

Zane yana da nasa hasarar da ya kamata a sani. Dodon da ke cikin kunne kowane yaro da irin nasa, amma da zarar an zana shi ya zama guda ɗaya, kuma sau da yawa bai kai wanda yaron ya ƙera da kansa ban tsoro ba. Maganin wannan shi ne a nuna shi kaɗan-kaɗan, inuwa a shafi ɗaya, ƙafa a wani, idanu cikin duhu, a jinkirta cikakkiyar siffarsa ko ma a hana ta gaba ɗaya. Dabbobi masu magana su ma suna tilasta wa mai zane amsa tambayar da baki bai taɓa amsawa ba: Gizo gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, ko mutum ne, ko wani abu a tsakani? Yana sa tufafi? Yana tafiya a tsaye? Kowace amsa aka zaɓa daidai ce, muddin an riƙe ta daga shafin farko har na ƙarshe.

Don a riƙe ta ɗin, a zana kowane jarumi a takarda ta daban ta gaba da ta gefe da ta baya, a jera su duka a layi ɗaya a ga tsawon kowa a kan ɗan'uwansa, a manna takardar a bango a riƙa dubawa. A kuma cike siffar kowannensu da baƙar tawada a ga ko za a gane shi daga inuwarsa kaɗai. Arthur Rackham ya zana labarin Sindirela a 1919 kusan duka da baƙaƙen inuwoyi, kuma ba a rikita kowa da kowa.

Tufafi da gine-gine da kayan aiki suna buƙatar bincike, musamman idan labarin na wata al'umma ce da mai zane bai tashi a cikinta ba, domin abin da ke cikin kansa game da su yawanci kwafi ne na kwafin wani. Ivan Bilibin, wanda zanensa ya zama fuskar tatsuniyoyin Rasha, ya yi tafiye-tafiye a arewacin ƙasar tsakanin 1902 da 1904 yana nazarin gine-ginen katako da sutura da adon hannu na mutanen karkara. Ba kowa ke da halin tafiya ba, amma akwai tsofaffin hotuna da kayan gidajen tarihi, kuma da yawansu suna kan intanet.

Launuka huɗu ko biyar sun isa littafi guda, a keɓe mafi ƙarfinsu ga abin da ake so ido ya bi, kamar jar hular nan a cikin koren daji. Mugu idan aka zana shi daga ƙasa yana ƙara girma, yaron da ya ɓata kuma idan aka hango shi daga sama yana ƙara ƙanƙanta. Tafiyar jarumi ta bi hanyar da ido ke karatu, daga hagu zuwa dama a rubutun boko, daga dama zuwa hagu a Larabci da ajami, wanda ya juyo ta ɗaya ɓangaren kuwa ana jin sa kamar mai tarewa ko mai komawa gida. Inda labari ya maimaita sau uku, a bar tsarin hoton iri ɗaya a canza abu guda kawai kowane karo, domin yara suna jin daɗin gano bambancin da kansu.

Shirya aiki don bugu

A bar fili mara cunkoso inda rubutu zai zauna tun a zanen fensir, kuma kada a sa fuska ko hannu a tsakiyar buɗi inda ɗinki zai haɗiye shi. Hoton da zai kai bakin takarda a ƙara masa milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka. A ɗauki zanen cikin kwamfuta da ɗigo 300 a kowane inci, a tuna cewa allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗi da kore masu ƙyalli kan dushe a takarda, kuma yana da kyau a nemi bugun gwaji. Rubutu a ajiye shi daban da hoto domin fassara ta yi sauƙi, a kuma tabbatar salon haruffan da aka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ.

A ƙasashe da yawa tsohuwar tatsuniya ba mallakar kowa ba ce, amma kalmomin marubucin zamani, da fassarar mai fassara, da siffar da wani mai zane ko kamfanin fim ya ba jarumi, duk suna da haƙƙin mallaka. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta sa mafi ƙarancin wa'adin ya zama shekara 50 bayan rasuwar mai aikin, ƙasashe da yawa kuma sun kai shi 70. A ƙarshen littafin a sa ɗan bayani na inda aka samo labarin, da sunan wanda ya ba da shi, da abin da aka canza.

Kafin a kai ko'ina, a ɗauki littafin gwajin a ba wani wanda bai san labarin ba ya karanta wa yara biyu ko uku, marubucin kuma ya zauna gefe da fensir ba tare da ya sa baki ba. Ya lura da inda mai karantawa ya yi tuntuɓe, da shafin da yaro ya miƙa hannu zai juya tun ba a gama ba, da wanda ya dafe ya hana a wuce, da wurin da suka fara amsa amshin da kansu. Shafin da suka waiwaya suna kallon wani abu daban, a yi masa alama, a koma a duba ko rubutun ne ya yi yawa ko hoton ne ya faɗi abin da kunne ya riga ya ji.